Yadda Ake Bin Sawun Ayyukan Masani da Ambaton da Ake Yi Musu a Fagen Ilimin Manya da Koyo a Wurin Aiki

Ɗalibin digiri na biyu ko na uku a sashen ilimin manya, da zarar ya iso babin bitar ayyukan da suka gabata, malamin da ke duba aikinsa zai tura shi ya nemo su wane ne manyan fagen, me suka rubuta, su wa suka ɗora a kansu. Irin wannan buƙata ce ke samun mai neman malamin da zai duba masa digiri na uku a wata ƙasa, da wanda aka ba takardun wani malami ya tantance don ƙarin girma. Abin da akasari ake yi shi ne a buɗe Google Scholar, a kwafi lambar yawan ambato da ke gefen dama na shafin masanin, a ce an gama. Wannan lamba ƙofar shiga ce kawai. Aikin yana cikin tsaftace jerin rubuce-rubucen da kuma karanta waɗanda suka yi ambaton, kuma shi zan bi da kai daki-daki.

Ambato a nan yana nufin wani marubuci ya sa aikin masanin cikin manazartarsa. Maƙala ɗaya ta sa shi, an ƙirga ɗaya. Zan yi misali da Farfesa Stephen Billett na Jami'ar Griffith da ke Birisben a Ostareliya, domin da wuya ka karanta wani abu a kan koyo a wurin aiki ba ka ci karo da sunansa ba.

Kayan aiki

- Kwamfuta. Waya za ta yi idan babu, amma ka sa burauzarka ta nuna shafi irin na kwamfuta, in ba haka ba wasu ginshiƙai za su ɓuya.
- Data mai ɗan yawa. Binciken kansa ba ya cin data, sauke maƙalu ne ke ci.
- Jadawali a Excel ko Google Sheets. Littafin rubutu mai layi ma ya wadatar idan ka ja ginshiƙan da rula.
- Adireshin imel, zai fi kyau na jami'arka.
- Manhajar Zotero don adana manazarta, kyauta ce.
- Manhajar Publish or Perish, wadda Anne-Wil Harzing ta fitar a 2006. Ita ma kyauta ce, kuma ba dole ba ce, sai dai tana rage wahalar kwafa da hannu.
- Rumbunan bincike: Google Scholar, Scopus na kamfanin Elsevier, Web of Science na Clarivate, da ERIC na ma'aikatar ilimi ta Amurka.

1. Tabbatar da mutumin kafin komai

Shiga Google Scholar ka rubuta cikakken sunan. Idan masanin yana da shafi, zai bayyana a saman sakamakon. Duba abu uku: jami'ar da aka rubuta ƙarƙashin sunan, layin da ke nuna an tabbatar da imel ɗinsa na jami'ar, da fannonin da ya lissafa. Ga Billett za ka nemi Griffith da ilimin manya da na sana'a. Bayan haka ka nemi shafinsa a gidan yanar jami'ar, ka kwatanta. Idan yana da lambar ORCID, rubuta ta a saman jadawalinka. Lamba ce mai gurabe 16 da aka fara bayarwa a 2012 domin rarrabe masu suna iri ɗaya.

Idan ba shi da shafi, rubuta author:"S Billett" a akwatin bincike, da alamun zance kamar yadda ka gani, sannan ka ƙara kalma ɗaya ta fagen don tace sakamakon. Hattara a nan: harafin farko da sunan ƙarshe kaɗai suna iya jawo maka likita ko injiniya mai suna iri ɗaya. Duk aikin da takensa bai yi kama da fagen ba, buɗe shi ka ga jami'ar marubucin.

2. Tattara jerin

Ja ginshiƙai takwas: shekara, take, abokan rubutu, inda aka buga, nau'in aiki, lambar DOI (lambar shaida ta dindindin da ake ba maƙala ko littafi), adadin ambato, da bayani. A shafin masanin ka yi ta danna maɓallin "Show more" da ke ƙasa har jerin ya ƙare. Ga mutumin da ya shekara talatin yana rubutu, jerin zai kai ɗaruruwa, kuma ba ka buƙatar kwashe shi duka. Ɗauki ayyuka talatin da suka fi yawan ambato, sannan ka danna kan shekara jerin ya juya, ka ɗauki na shekaru biyar na baya-bayan nan. Na farko zai nuna maka abin da aka san shi da shi, na biyu kuma inda ya dosa yanzu.

Mai amfani da Publish or Perish zai iya jawo jerin gaba ɗaya ya zuba a Excel. Kada ka yi ta maimaita bincike a jere, domin Google zai ɗauke ka na'ura ya rufe maka ƙofa na wani lokaci. In hakan ta faru, ka ba shi 'yan awoyi.

3. Tsaftace jerin

Nan ne mafi yawan ɗalibai ke tsallakewa, kuma nan ne kurakurai ke taruwa. Google Scholar na'ura ce ke tattara masa bayanai, babu editan da ke zaune yana dubawa, saboda haka za ka tarar da waɗannan:

Aiki ɗaya ya fito sau biyu ko uku. Takarda ce da aka fara gabatarwa a taro, daga baya ta zama maƙala a mujalla, wani lokaci kuma ta sake zama babi a littafi. Idan take da abin da ke ciki ɗaya ne, haɗe su a layi ɗaya ka yi bayani. Tauraro da za ka gani kusa da adadin ambato a shafin masani yana nufin an riga an haɗe wasu nau'o'in aikin wuri ɗaya.

Shekara ta rikice. Littafin Billett mai suna Learning in the Workplace ya fito a 2001 daga kamfanin Allen & Unwin, daga baya Routledge ya sake fitar da shi a 2020. Ɗalibin da ya kwafi 2020 ya rubuta cewa sabon ra'ayi ne ya yi kuskuren shekara goma sha tara, kuma mai jarrabawa na waje da ya san fagen zai gani nan take. Haka littafin Malcolm Knowles, The Adult Learner, wanda ya fara fitowa a 1973, aka yi ta sabunta shi har bayan rasuwar marubucin, da sunayen Holton da Swanson a bango. A jadawalinka ka rubuta shekarar farko, ka sa shekarar bugun da ke hannunka a ginshiƙin bayani.

An jingina masa abin da ba nasa ba. Masani kan shirya littafi mai babi goma sha biyar na mutane daban-daban, shi ya rubuta biyu kawai. Shirya littafi aiki ne mai daraja, amma ka rubuta shi a matsayin edita, kada ka ƙirga masa babin wani.

Hanyar tabbatarwa ita ce lambar DOI. Kwafe taken ka liƙa a shafin binciken Crossref, ƙungiyar da ke rajistar lambobin DOI, zai ba ka shekara, mujalla, kundi da shafuka yadda mawallafi ya yi musu rajista. Abin da ba shi da DOI, kamar tsofaffin rahotanni da takardun taro, ka nemi shi a ERIC ko a rumbun ajiyar jami'ar masanin.

4. Rarraba ayyukan

Cike ginshiƙin nau'i: littafi, babi, maƙalar mujalla mai tantancewa, takardar taro, rahoto ga gwamnati ko hukuma. A wannan fage rarrabewar tana da muhimmanci fiye da yadda take a kimiyyar lafiya, domin manyan ra'ayoyin ilimin manya da yawa a littattafai suka fito. Na Jean Lave da Etienne Wenger a kan koyo ta hanyar shiga cikin masu sana'a littafi ne na 1991. Na Victoria Marsick da Karen Watkins a kan koyon da ba a tsara ba a wurin aiki littafi ne na 1990. Duk rumbun da ya fi karkata ga mujallu zai tauye wa irin waɗannan masana haƙƙi.

Daga nan ka jera ayyukan bisa shekara ka karanta takensu daga sama zuwa ƙasa. Tarihin tunanin mutum zai fara bayyana. A na Billett za ka ga binciken farko a kan yadda ma'aikata na zahiri, irin su masu gyaran gashi da masu haƙar kwal, suke koyon aikinsu. A 2001 ya buga maƙala a Journal of Workplace Learning da ta kafa ra'ayin da aka fi saninsa da shi: koyo a wurin aiki ya rataya ne a kan abu biyu, damar da wurin aikin ya buɗe wa ma'aikaci, da yadda shi ma'aikacin ya zaɓi ya yi amfani da damar. A 2011 ya fitar da littafi a kan manufofi da al'adun ilimin sana'a, a 2014 kuma wani a kan koyo ta hanyar kallo da kwaikwayo. Wanda ke nazarin yaran shago a garejin kanikawa ko masu koyon ɗinki a Kano zai ga cewa na 2014 ɗin ya fi kusa da aikinsa, ko da ba shi ne mafi yawan ambato ba. Jerin da aka tsara bisa yawan ambato kaɗai ba zai nuna maka wannan ba.

5. Ɗauki alkaluma daga wuri fiye da ɗaya

A shafin Google Scholar akwai layi uku: jimillar ambato, ma'aunin h, da ma'aunin i10 (bayanin waɗannan biyun yana mataki na 6), kowanne da ginshiƙi biyu, na tsawon rayuwar aiki da na shekaru biyar na ƙarshe. Kwafe duka shidan. Sannan ka je Scopus. Ko jami'arka ba ta biya kuɗin shiga ba, akwai sashen neman marubuci na kyauta da ke nuna adadin ayyuka, ambato da ma'aunin h. Web of Science ma yana barin wanda ya yi rajista kyauta ya ga bayanan marubuci.

Lambobin ba za su zo ɗaya ba, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Google Scholar yana ƙirga littattafai, kundayen digiri, rahotanni da takardun taro cikin harsuna da dama, shi ya sa lambarsa ke ɗara sauran nesa ba kusa ba. Scopus da Web of Science suna ƙirga abin da ke cikin mujallu da littattafan da suka zaɓa ne kawai. ERIC kuwa ba ya ƙirga ambato, amfaninsa cike giɓin jeri. Rubuta ranar da ka ɗauki kowace lamba, domin tana canzawa kusan kowane mako, wani lokaci ma ta ragu idan an gyara rumbun.

6. Lissafa ma'aunin h da hannunka

Masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ne ya ƙirƙiro shi a 2005. Jera ayyukan daga mai yawan ambato zuwa mai ƙaranci, ka sa musu lamba. Sauka har ka kai wuri na ƙarshe da adadin ambato ya kai lambar layin ko ya wuce ta. A ce wani yana da ayyuka takwas da ambato 120, 64, 30, 18, 9, 7, 5, 2. Na shida yana da 7, ya wuce shida. Na bakwai yana da 5, bai kai bakwai ba. Ma'auninsa 6 ke nan. Ma'aunin i10 kuwa adadin ayyukan da suka samu ambato goma ko fiye, a nan 4. Dalilin yin lissafin da hannu shi ne jerinka ya riga ya tsaftatu, don haka lambarka tana iya bambanta da ta shafin.

7. Shiga cikin masu ambaton

Idan lokacinka kaɗan ne, rage daga sauran matakai ka ba wannan. Zaɓi ayyuka uku: wanda ya fi yawan ambato, wanda ya fi kusa da bincikenka, da ɗaya daga cikin sababbi. Danna lambar "Cited by" ta kowanne. Jerin duk waɗanda suka ambace shi zai buɗe. Google Scholar ba ya nuna fiye da sakamako 1000 a bincike ɗaya, saboda haka ga aikin da ya shahara sai ka yanka shi da shekaru ta gefen hagu. A ƙarƙashin akwatin bincike akwai ɗan gurbi da ake dannawa don bincike cikin masu ambaton kawai. Danna shi, ka rubuta kalmar da ta shafe ka da Turanci, kamar apprenticeship ko nurses, ko sunan ƙasa kamar Nigeria ko Ghana. Cikin minti ɗaya dubbai za su koma gommai, kuma waɗannan gomman su ne ainihin abincin babinka na biyu, wato na bitar ayyukan da suka gabata.

Ɗauki ashirin daga ciki ka buɗe su. Nemi sunan masanin a cikin kowace maƙala, ka karanta sakin layin da ya fito, ka sa wa ambaton ɗaya daga alamomi huɗu. Akwai ambaton gaisuwa, inda aka jero sunansa cikin wasu biyar a gabatarwa ba a sake komawa kansa ba. Akwai na ɗorawa, inda aka ɗauki ra'ayinsa aka gina tambayoyin bincike a kai. Akwai na gwaji, inda aka kai ra'ayin wata sana'a ko wata ƙasa a ga ko zai tsaya. Akwai kuma na suka. Rumbun duk ɗaya yake ƙirga su, alhali tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Knowles misali ne mai kyau: wani kaso na ambatonsa daga masu jayayya da shi ne a kan ko da gaske manya suna koyo ta hanyar da ta sha bamban da ta yara. Ɗalibin da ya ga yawan lambar ya rubuta cewa masana sun yi ittifaƙi a kan ra'ayin ya faɗi abin da ba haka yake ba. Ni a ganina maƙalar suka guda ɗaya mai ƙarfi ta fi ambaton gaisuwa hamsin amfani ga mai rubuta kundi, domin ita ke nuna maka inda ra'ayin ke da rauni, kuma a nan ne sau da yawa giɓin bincikenka yake.

Lura da su wane ne masu ambaton. Idan akasarinsu shi kansa ne, ko ɗalibansa, ko abokan rubutunsa, tasirin bai fita daga gida ba. Ambaton kai ba laifi ba ne, mai gini a kan aikinsa na baya dole ya ambace shi, amma ka san yawansa. Cikakken Scopus yana da wurin cire shi, Google Scholar ba shi da shi, sai dai ka ƙirga cikin ashirin ɗinka. Duba kuma ko ambaton ya tsallaka fage. Ayyukan koyo a wurin aiki suna yawan bayyana a mujallun horar da likitoci da ma'aikatan jinya da malaman makaranta, wanda ke nuna masu aiki na zahiri sun ga amfaninsu.

Idan maƙala tana bayan katangar kuɗi, danna "All versions" ƙarƙashinta, sau da yawa akwai kwafin marubuci a rumbun jami'arsa. In babu, tambayi laburaren jami'arka ko suna da rajistar Research4Life, shirin da ke ba cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta mujallu kyauta ko da rahusa. In duk ya faskara, aika wa marubucin gajeren imel cikin ladabi, ka faɗi sunanka, jami'arka da taken da kake so. Da yawansu suna turowa.

8. Kwatanta shi da sa'o'insa kawai

Ma'aunin h ba ya raguwa da tsufa, sai dai ya ƙaru, don haka wanda ya fara bugawa a 1992 akasari zai ɗara wanda ya fara a 2015 ko da na biyun ya fi shi kaifi. Fage ma ya bambanta: masu ilimin manya ba su kai masu binciken magunguna yawa ba, ambatonsu ma haka. Kwatanta masani da waɗanda suke fage ɗaya, zamani ɗaya, a rumbu ɗaya, a rana ɗaya. Billett za ka ajiye shi kusa da irin su Michael Eraut na Ingila ko Päivi Tynjälä ta Finlan. Kada kuma ka auna mutum da martabar mujallar da ya buga a ciki. Sanarwar San Faransisko ta 2012 a kan tantance bincike, wadda jami'o'i da dama suka sa wa hannu, ta yi gargaɗi a kan haka.

9. Idan masanin na gida ne

Duk matakan suna nan, sai dai wahala biyu ke ƙaruwa. Ta farko suna. Mutum ɗaya ya buga da Muhammad, da Mohammed, da M. kawai, wani lokaci da sunan garinsu a ƙarshe, wani lokaci babu. Gwada kowane salo dabam, ka haɗa da sunan jami'a. Ta biyu, yawancin ayyukan malamanmu na ilimin manya suna cikin mujallun sashe da na tsangaya, da littattafan karramawa, da kundayen taron ƙungiyoyi irin su majalisar ilimin manya ta Najeriya da aka kafa a 1971, waɗanda da yawansu ba su taɓa hawa intanet ba. Nemi abin da ke African Journals Online, sannan ka taka zuwa laburaren sashe, ka nemi takardar tarihin aikin malamin ko laccarsa ta kama kujerar farfesa, wadda kan zo da jerin ayyukansa a ƙarshe. Ga masanin Nijar da ke rubutu da Faransanci, ƙara da rumbunan HAL da Cairn.

Ƙarancin lamba a nan ba hujja ba ce ta ƙarancin tasiri. Malamin da ya tsara manhajar yaƙi da jahilci da hukumar ilimin manya ta jiha ke koyarwa da ita ya taɓa rayuwar mutanen da babu rumbun da zai ƙirga su. Rubuta irin wannan a ginshiƙin bayani tare da shaidarsa. A ɗaya ɓangaren kuma ka binciki mujallun biya-a-buga, masu karɓar kuɗi su fitar da maƙala cikin kwanaki ba tare da tantancewa ba. Google Scholar yana kwashe su kamar sauran. Duba sunan mujallar a jerin Scopus ko a DOAJ, jerin tantantattun mujallun da ake karantawa kyauta, ka kuma leƙa su wane ne editocinta.

10. Rubuta abin da ka samu

Shafi ɗaya ya isa. Fara da wane ne shi da inda yake aiki, sannan matakan da tunaninsa ya bi, da ayyuka uku zuwa biyar da suka fi nauyi da dalilinka na zaɓar su. Biyo da alkaluman, kowanne da sunan rumbu da kwanan wata. Rufe da abin da masu ambaton suka yi da aikin: wa ya ɗora, wa ya gwada a wata ƙasa, wa ya yi suka, da abin da har yanzu ba a taɓa ba. A cikin kundin kansa ba a cika buƙatar lambobin ba, jimla ɗaya ta wadatar, sauran wurin na ra'ayoyin ne.

Kafin ka rufe kwamfutar, koma shafin masanin ka danna "Follow", ka zaɓi a riƙa aiko maka da sababbin ayyukansa da sababbin ambato ta imel. Adana jadawalin a wuri biyu. Mako biyu kafin ranar kare kundi ka sake buɗe shi, ka maimaita mataki na 5 da na 7 a kan shekarar da ake ciki, ka shigar da duk sabuwar maƙalar da ta shafi bincikenka.